Gida Mai Ƙofa Biyu

Gidanmu na Malanbil ƙofa biyu gare shi, ɗaya tana kallon kogi, ɗaya tana kallon babban titin da ya miƙe kudu. Ina yaro na ɗauka don iska aka yi haka. Na girma, na yi karatu, na yi aikin gwamnati har kaina ya yi fari, ban taɓa zama na sake duba maganar ba. In abokan aiki a Paraku suka tambaye ni labarin gida, sai in gyara zama in ce tsofaffinmu sun fi injiniyoyin yanzu sanin gini, ku dubi yadda suka buɗe wa iska hanya, ta shiga nan ta fita can. Su kuwa su gyaɗa kai, don babu wanda ya taɓa taka Malanbil a cikinsu, balle ya san iskar da ake magana, wadda in ta shigo a watan zafi sai ka rantse daga bakin murhu ta taso.

Mahaifinmu fatoma ne, wato mai saukar da fatake. Masu albasa daga ƙetaren kogi, mutanen Galmi da Tawa da na kusa irin Gaya, wurinsa suke sauka da buhunansu. Masu saye daga Kwatano da sauran garuruwan bakin teku su ma wurinsa suke sauka. Ya ba su tabarma da tuwo da ruwan wanka, ya tsare musu kaya, ya tsaya musu gaban duwan, wato 'yan kwastan, da jandarma, ya sayar wa wannan, ya saya wa wancan, ya ci la'adarsa. Cikin warin albasa aka raɗa mana suna, cikinsa aka yaye mu. Mu biyu ne maza, ni da ƙanena. Ni aka kai lakwal, wato makarantar boko, shi aka bari a zaure.

Labarin kai ni lakwal ɗin nan, babu wanda ya taɓa shan shayi da ni bai ji shi ba. Ban kai shekara goma ba Baba ya ɗauke ni ya damƙa wa wani ɗan'uwansa a Kandi, alhali ga makaranta nan cikin gari. Ranar da zan tafi ya yanka rago. Ba kaza ba, ba akuya ba, rago fari mai ƙaho, aka raba nama gida gida, aka cika mini kwano da hanta. Yadda nake ba da labarin shi ne, tsohon ya duba ya ga kan yaron nan ya fi ƙarfin zaure, sai ya daure ya sadaukar wa gwamnati da magajinsa, ya haƙura da wanda ya rage. Daga nan sai in yi ajiyar zuciya in ce da na zauna, da yanzu ni ke juya kasuwar albasa tun daga bakin kogi har bakin teku. Matata, Allah ya jiƙanta, in na kawo wurin nan sai ta tashi ta ce za ta duba tukunya, ko da kuwa babu komai a kan wuta.

Aikina a biro, wato ofis, shirya taro ne da rubuta abin da aka faɗa a taron. Kada ka raina shi. Akwai fasaha a jera kujeru, da sanin wanda zai zauna kusa da wa, da tsayawa a tsakiya ka ce, to jama'a, mu fahimci juna. Ni dai in na ga mutum biyu ba su san juna ba, jikina har ƙaiƙayi yake yi sai na haɗa su. Gida kuwa nakan leƙo da salla ko rasuwa, in zo da motar aiki, in gaisa, in kwana a masaukin gwamnati, in juya da safe.

Da na ajiye aiki, matata ta rasu, yara suka watse can kudu, sai gidan hayan da nake ciki ya yi mini faɗi. Na fara tashi da asuba in rasa wanda zan ce wa ina kwana. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, ɗakin Baba. Ƙaramin ɗaki ne a tsakiyar gida, jingine da katangar da ta raba tsakar gidan biyu. Na ƙudurta a raina can zan ƙarasa kwanakina, in zauna cikin zaure, in ɗan riƙa ba ƙanena shawara, in nuna wa Malanbil abin da ta yi asara. Na haɗa kayana kaf, har da fanka da kujerar da nake karatu a kai, na hau mota a tsakiyar kakar albasa.

Ƙanena ya tarbe ni a ƙofar titi. Ya yi tumbi, ya tara gemu, waya uku a jikinsa, carbi a hannu yana ja ko da yana tsakiyar zagin direba. Yana ganina ya rusuna har tumbin ya hana shi ƙarasawa.

“Yaya! Marhabin, marhabin. Ƙaƙa hanya? Ƙaƙa zahi? Kai, gidan ga yau ya yi haske.”

Na ce masa ba ziyara na zo ba, na dawo ke nan, a buɗe mini ɗakin Baba.

“Ai naka na, Yaya, wa za shi hana ka? Sai dai a gyara shi tukuna. Ka huta nan, ka sha iska.”

Nan ɗin da ya ce, ɗakin baƙi ne na ɓangaren titi, inda ake sauke masu saye. Aka kawo mini tebur. Aka kawo shinkafa a faranti da cokali da ruwan gora, a gidan da na sha ruwan kogi har da ƙasarsa ban mutu ba. Ta ƙaramar ƙofar ciki ina hango mazan gida sun kewaye kwano ɗaya a gindin dogonyaro, suna ci suna musu da yaren Dendi suna dariya. In na matso sai kowa ya tsame hannu ya miƙe, ana fofo, fofo, wato sannu, sannu, a jawo mini kujera. Ban taɓa sanin girmamawa tana iya zama kora ba sai a makon nan. Ya yi mini ciwo ƙwarai, amma na ce a raina bari su ga aikina tukuna.

Maƙwabcina a ɓangaren titi wani ɗan Zangon Kwatano ne, mai sayen albasa, mutum mai shadda da turare, yana tafe da ƙaramin tawul a wuya. Mun saba nan da nan, don shi ma bakinsa ba ya gajiya. Ya ce mini ubansa ma a gidan nan yake sauka tun zamanin Baba. Ya ce ya gaji da zama, kamiyonsa, wato babbar motar kayansa, yana tsaye a tasha, fatoma kullum cewa yake albasa ba ta ƙetaro ba, tun da hukuma ta tare gadar kogi kaya sai ta kwalekwale, a yi haƙuri, ana nema. Na tambaye shi wa ke ɗaya ɓangaren. Ya ce wai wani tsoho ne ya zo jinyar ido, an ce ba ya son hayaniya.

Washegari na bi ta ƙaramar ƙofar ciki na ɓulla ɓangaren kogi, don in ga inda muka yi wasa muna yara. Bishiyar mangwaron da nake tunawa babu ita, an yi rumfar kwano a wurin. A ƙarƙashin rumfar buhunan albasa ne jere har sama, ja jawur, irin ta Galmi. Wani mutum siriri mai rawani yana zaune a kan tabarma yana fifita, idonsa kuwa garau, har ya riga ni ganin kunamar da ke bin gindin buhu. Muka gaisa. Na ce ni ne babban ɗan gidan.

“Kai na wanda anka kai lakwal? Allahu akbar. Babanmu ya sha hwaɗin labarinka.”

Na ji daɗi har cikin raina, ban tambayi wane labarin ba. Na ce yaya kasuwa?

“Kasuwa ta kwanta, Malam. Hwatoma ya ce masu saye ba su hauro ba. Ga zahi, ga albasa ta hwara zuhwa. Ni dai tsoro nika ji ta ruɓe mini.”

Na ce wa ke ɓangaren titi, ya sani? Ya ce an gaya masa wani ne ya zo neman aure.

Na koma ɗakina ina girgiza kai. Ga mai saye yana kuka babu kaya, ga mai kaya yana kuka babu mai saye, katanga ɗaya ce tsakaninsu, mai gidan kuwa yana can yana ihu cikin waya uku. Na ce wannan shi ne rashin tsari. Wannan shi ne abin da ke faruwa in aka bar gida a hannun wanda bai taɓa zama a taro ba. Na ji tausayin Baba a kabarinsa, na ji tausayin ƙanena ma, na ce bawan Allah ya yi iyakar ƙoƙarinsa da ɗan abin da Allah ya ba shi. Ban gaya masa komai ba, don so nake ya dawo ya tarar an gama, ya riƙe baki, ya je da kansa ya share mini ɗakin Baba.

Allah ya kawo ranar. Bayan azahar aka kira ƙanena cewa wani kamiyo ya lalace wajen Gene, ya hau babur ya tafi. Ina idar da la'asar na fita na sayo ganyen shayi da sukari da gyaɗa. Na buɗe ƙaramar ƙofar ciki har ƙarshenta, na tokare ta da turmi. Na jera kujeru a gindin dogonyaro yadda na iya, babu wanda ya ba wani baya. Na sa babbar riga. Na je ɓangaren titi na kamo hannun ɗan Zango, na je ɓangaren kogi na kamo hannun mutumin Galmi, na zaunar da su suna fuskantar juna.

Matar ƙanena ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. Ta dube su, ta dube ni, ta ɗora hannu a ka. Sauran matan suka taru a bayanta. Na ɗauka mamakin iya shiri ne ya kama su, har na ɗaga musu hannu.

Na miƙe na yi jawabi. Na yi maraba da baƙi, na kawo tarihin gidan, na taɓo muhimmancin haɗin kai tsakanin ƙasashe maƙwabta. Sannan na ce, wannan ba jinyar ido ya zo ba, albasa gare shi. Wannan kuma ba aure ya zo nema ba, albasa yake nema. To jama'a, mu fahimci juna.

Suka kalli juna. Mutumin Galmi ne ya fara magana.

“Buhu mai jan zare a baki, da alamar tauraro, kai ka sayen shi?”

Ɗan Zango ya ce shi ne kuwa, shekara da shekaru, kafin shi ma ubansa ne ke saye.

“To ni ka ɗunka shi da hannuna.”

Sai suka tashi suka rungumi juna. Wallahi har ƙwalla na yi. Na ce a raina duk tarukan da na shirya a rayuwata babu wanda ya kai wannan albarka. Na zuba shayi, kumfa ya tashi yadda ake so. Aka sha na farko ana tambayar iyali. A na biyu ɗan Zango ya sassauta murya ya faɗi abin da ya biya bara. Mutumin Galmi ya ajiye kofinsa a hankali, ya faɗi abin da ya karɓa. Abin da ke tsakanin maganar biyu ba ƙarami ba ne, har ni da ban san kasuwa ba sai da na ji a jikina. Suka juya tare suka kalli sabon benen da ƙanena yake ɗorawa a kan zauren titi, suka daɗe suna kallonsa. Ni kuwa da na ga taro yana neman yin sanyi, sai na kawo shawara su karɓi lambar juna don sauƙaƙa aiki nan gaba. Ni na karanto musu lambobin da bakina, don mutumin Galmi bai iya shigarwa ba. Har hoto na ɗauke mu.

Ana haka ƙanena ya shigo, ƙura har gira. Ya tsaya a bakin ƙaramar ƙofar. Ya ga turmi, ya ga kujeru, ya ga baƙinsa biyu kafaɗa da kafaɗa suna leƙa waya ɗaya. Carbin hannunsa ya tsaya cak, karo na farko tun zuwana. Sannan ya yi murmushi, irin murmushin da sai ɗan kasuwa ke iya yinsa.

“Masha Allahu. Ashe kun gana. Ai da ma ina da niyyar in haɗa ku.”

Ya zauna ya sha shayi na uku tare da mu, ya yaba kumfan. Na kwanta ranar ina jiran a zo a ce an share ɗaki.

Da safe hayaniya ta tashe ni. Masu dako ne ke fitar da buhuna ta ƙofar kogi, su zagaya ta lungu, su loda a kamiyon da ya zo ya tsaya a titi. Ba su bi ta cikin gida ba, ba su bi ta hannun mai gida ba. Ƙanena yana tsaye a bakin zaure yana ta Allah ya kiyaye hanya, Allah ya sa a sayar da alheri, a gai da mutanen gida. Baƙin suka yi masa godiya sama sama, suka zo wurina suka kama hannuna da hannu biyu. Mutumin Galmi ya ce Allah ya ƙara ilimi. Ɗan Zango ya ce irinmu ƙasa take buƙata. Suka bar mini kwandon albasa a bakin ƙofa, kyauta.

Da kamiyon ya tashi na ce wa ƙanena, ka gani, abin da ya gagare ka mako guda an gama shi a zama ɗaya.

Ya dube ni. Ban taɓa ganin gajiya irin wannan a fuskar mutum ba.

“Yaya, ba ka yi laihi ba. Ilimi na.”

Na ce to mene ne na ɓata fuska?

“Salula ta kwashe muna baƙi dut, ɗaya bayan ɗaya. Mai kaya shi kira mai saye, su gama, ba su buƙatar zaure. Waɗanga biyu su ɗai sunka rage cikin manyan baƙin Baba. Su ka riƙe da gidan ga.”

Na hasala, na ce ai cutarsu kake yi, na ji da kunnena. Ya ce haka ne, yana ci, ba ya musu. Ya ce amma shekarar da ruwa ya ci kayan mutumin Galmi a tsakiyar kogi, wa ya ɗauki asarar? Da jandarma suka riƙe kamiyon ɗan Zango, wa ya kwana yana zarya? Har yau ban yarda duk gaskiya ya faɗa ba, don mutumin da zai iya mayar da mai albasa majinyacin ido yana jan carbi, ba a sayen rantsuwarsa ba tare da an buɗe buhu ba. Amma ya juya ya cire turmin, ya rufe ƙaramar ƙofar, ya tafi. Bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi jin daɗi, don ɗan gida ake zagi.

Da hantsi aka ce Gwaggo tana kira. Ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a tsararsu, tana can ƙuryar gida, ido ya tafi amma kunne yana nan daram. Na same ta tana daka goro a ɗan turminta, kafaɗunta suna rawa. Na ɗauka kuka take yi, ashe dariya ce ta ci ƙarfinta.

“Zamna, ɗan nan. An ce ka yi taro.”

Na ce na yi, kuma ban ga abin dariya ba. Aikin fatoma ai haɗa mai saye da mai sayarwa ne.

“Kayansu aka haɗawa, wawa, ba huskokinsu ba. Kai da kaka ganin ƙohwa biyu, mi kaka tsammani?”

Na ce iska.

Sai da na ba ta ruwa, don ta ƙware. Da ta dawo daidai ta share ido da bakin zane ta ce wallahi ban sake ba, yadda nake tun ina tsirara haka nake. Ta ce ina yaro babu abin da nake so kamar zirga-zirga tsakanin zaurukan biyu. In je na kogi in ji abin da ake faɗa, in ruga na titi in zazzage, in kwaso na can in dawo da shi nan, ina murna ana ba ni ƙuli-ƙuli. An yi mini faɗa, an yi mini duka, an kulle ƙaramar ƙofa, sai na koma haura katanga. Ta ce ranar da na je na sanar da mutanen kudu cewa albasar baƙin kogi ta fara ruɓewa daga ƙasa, ranar Baba ya zauna ya riƙe kai ya ce yaron ga ba mugu ba ne, amma in ya girma a gidan nan sai mun yi bara.

Na ce, Gwaggo, kin manta ne. Baba saboda kaifin kaina ya kai ni lakwal.

“In don kai na, ba ga lakwal nan bayan kasuwa ba? Mi ak kai ka Kandi? Nesa yaka nema. Da ya san wani can gaba da Kandi, da can za shi kai ka.”

Na ce to ragon fa? Na ce rago ya yanka mini, fari, mai ƙaho, kowa ya shaida.

“Alwashi yay yi. Yac ce ranar da Allah yar raba shi da bakinka lahiya, shina yanka rago sadaka. Ni nir riƙe ƙahwar.”

Ta ci gaba da daka goronta. Ta ƙara da cewa yana sona fa, kada in ce ba ya sona, duk wata sai ya aika mini da kilishi. Na ce na gode, na tashi.

Ban koma ɗakin baƙi ba. Na wuce ɗakin Baba na tura ƙofar, ashe ko kulle ba ta da shi. Babu abin da ke buƙatar gyara, a share yake tsaf, da buzu a shimfiɗe da buta a gefe. Na zauna a kan buzun. Sai a lokacin na lura da tagogin, ƙanana guda biyu daidai idon mutumin da ke zaune, ɗaya tana kallon zauren kogi, ɗaya tana kallon zauren titi. Daga nan kana ganin kowa, babu mai ganinka. Nan Baba ya yi rayuwarsa, ya san abin da ke nan, ya san abin da ke can, ya haɗiye duka. Na gwada zama shiru kamar yadda yake yi. Ba a jima ba na hango wani baƙo ya shigo zauren kogi da ɗan kayansa, sai na ji bakina ya fara motsi da kansa, ina son in leƙa in tambaye shi daga ina, wa ya sani a garin. Na kama bakin da hannu.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba baƙin da suka tafi ba ne, Allah ya gafarta mini. Shekara da shekaru ina jin daɗin baƙin cikin hanyar da na bari, ina lallashinsa, ina fito da shi gaban mutane. Yanzu an ce mini babu wata hanya da na bari, tun farko a rufe take, kuma an yi walimar rufe ta na ci hanta. Ban san tsoho zai iya jin kunya irin ta yaro ba sai ranar.

Da yamma na gaya wa ƙanena zan koma Paraku, likitana yana can. Ya ce haba Yaya, tun yanzu, ga ɗaki an kusa gama gyara. Ya faɗa da ladabi, amma bai maimaita ba. Ya ce in ina son hutawa akwai gonarmu ta Madekali, akwai iska, babu hayaniyar baƙi. Na ce na gode, iska ta ishe ni haka.

Ranar tafiya na fito da kayana, da fankata, da kujerar karatu, da kwandon albasa. Sai na ji kuka a gindin dogonyaro. Rago ne a ɗaure, fari, mai ƙaho. Ƙanena yana wasa wuƙa, Gwaggo an fito da ita an zaunar a inuwa, tana fuskantar inda kukan ke fitowa.

“Don girmanka na, Yaya,” in ji shi. “Ba ka barin gidan ga haka nan.”

Na dube shi, ya dube ni, babu wanda ya yi dariya. Aka yanka, aka gasa, aka raba gida gida. Ranar ba a kawo tebur ba, ba a kawo cokali ba. Suka matsa suka ba ni wuri a bakin kwano, na tsuguna tsakaninsu na sa hannu. Ƙanena ya tsamo hanta ya tura gabana. Na ci, ban ce komai ba, kuma ta yi daɗi kamar ta wancan karon.